Abba zai cika 18, an ce mu fara tunanin ya koma gidan kansa. Wa ya taɓa bin wannan hanya?

Maman Abba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke zaune a Ingila, amma duk mai abin faɗa don Allah ya faɗa.

Ɗana na fari, Abba muke ce masa saboda sunan surukina gare shi, yana da lalurar galahanga haɗe da jinkirin fahimta. Bayan babbar sallah zai cika shekara 18. A wani gari a arewacin Ingila muke, a nan aka haife shi. Maganarsa gajeriya ce, kalma biyu ko uku, amma yana jin kusan duk abin da aka ce masa da Hausa da Turanci. Yana wanka da kansa in an liƙa masa hotunan abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya a jikin bangon banɗaki. Yana bin babansa sallah, kuma ya san lambar kowace bas da ke wucewa ta unguwarmu da lokacin da za ta iso. Shinkafa da miya yake ci, amma sai an zuba miyar a kwano daban, in ta taɓa shinkafar ya bar abincin ke nan. Ƙarar injin markaɗe ko na shara tana gigita shi, sai ya toshe kunne ya ciji bayan hannunsa, har wurin ya yi kanta. Bai san kuɗi ba, bai san tsallaka titi shi kaɗai ba, kuma yakan farka tsakar dare ya yi ta zagaye a falo har asuba.

A taron bitar takardar EHCP ɗinsa na bana, wato takardar da ke tsara tallafin karatunsa da lafiyarsa da kulawarsa, jami'ar walwala daga ƙaramar hukuma ta kawo maganar zaman kai da tallafi. Wai gida ne na haya, shi da matasa biyu ko uku irinsa, kowa da ɗakinsa, ga ma'aikata suna taimaka musu dare da rana. Ta ce ba yau ba ne ba kuma gobe ba, amma jerin masu jira yana da tsawo, gara a sa sunansa da wuri.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. Da na gaya wa yayata a waya sai ta ce, "Ke yanzu da ranki da lafiyarki za ki miƙa ɗanki ga bare? Me za a ce da mu?" Ƙanin babansa kuma cewa ya yi a mayar da shi Kano a yi masa aure, matar ta riƙa kula da shi. Babansa bai ce komai ba, amma na san abin yana cin sa, ga shi yana fama da ciwon suga da hawan jini. Abba ya fi ni tsawo yanzu, ranar da ransa ya ɓaci ba na iya riƙe shi. Ƙannensa mata biyu ne, babbar shekararta 14, kuma na fara lura tana ƙin gayyato ƙawayenta gida, tana tashi da dare in ta ji motsinsa don kar na tashi. Wannan ya fi komai taɓa min zuciya.

Tambayoyina: yaya zaman yake a zahiri? Wa zai tabbatar naman da yake ci na halal ne, wa zai ajiye masa buta a banɗaki, wa zai kai shi Juma'a? Idan ya cika 18, da gaske ne ba ni da sauran ta cewa a kansa? Kuma ku gaya min tsakani da Allah, yin hakan yar da ɗa ne?

Bazazzagi a Birmingham

Wa alaikumus salam Maman Abba. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Wannan shi ne aikina, a irin waɗannan gidaje nake, don haka bari na faɗa miki abin da nake gani.

Da farko ki bambance shi da gidan kula da marasa lafiya. A can kamfani ɗaya ne ke da ginin kuma shi ke da ma'aikatan, kuɗin tallafin mutum kusan duka can yake tafiya, a bar masa fam talatin da 'yan kai a mako na kashewa. A zaman kai da tallafi kuwa Abba ɗan haya ne, da takardar haya da sunansa da makullin ɗakinsa. Mai gida daban, kamfanin da ke turo ma'aikata daban. Amfanin wannan shi ne in kamfanin bai yi muku ba, ana iya sauya shi ba tare da Abba ya tashi daga ɗakinsa ba. Kuɗin haya yawanci daga tallafin gida na gwamnati yake fitowa, abinci da wuta da sutura daga PIP (tallafin masu lalura) da Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) ɗinsa, awoyin ma'aikata kuma ƙaramar hukuma ke biya bayan ta auna abin da shi zai iya bayarwa. Kuɗinsa ake dubawa, ba na iyayensa ba.

Abin da komai ya rataya a kansa shi ne awon buƙatu a ƙarƙashin Dokar Kulawa ta 2014. Ki nemi a yi masa tun kafin ya cika 18, ki nema a rubuce, doka ta tanadi haka. Kuma doka ta ce ba za a yanke masa taimakon da yake samu na yara ba sai an kammala tsara na manya. Ranar awon nan, don Allah Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga iyayenmu da yawa kunya da kawaici suna sa su ce "Alhamdulillahi muna iyawa," sai jami'i ya rubuta cewa iyali suna iyawa, a ba yaro awoyi kaɗan. Ki faɗi ranarsa mafi muni. Ki faɗi cizon hannun, ki faɗi tashin daren. Tashin daren nan ma shi zai raba tsakanin a ba shi ma'aikacin da ke kwana a gidan a tashe shi in an buƙata, da wanda zai zauna ido biyu har safe, kuma Abba na biyun yake buƙata bisa yadda kika kwatanta. Ke ma kina da haƙƙin a yi miki naki awon a matsayin mai ɗawainiya, ki nema.

Halal da buta da Juma'a duk ana iya yi, amma sai an rubuta su a cikin tsarin kulawarsa baƙi da fari: daga wane shago za a sayi nama, tukunyarsa daban, namiji ne zai taimaka masa da wanka, awa nawa aka ware ranar Juma'a na mutum ɗaya da zai raka shi masallaci. Abin da ba a rubuta ba, ma'aikacin kirki zai yi shi, in ya bar aikin kuma ya tafi da shi. Sauyin ma'aikata kuwa shi ne babban ciwon wannan aiki, albashin ba shi da yawa, mutane suna shigowa suna fita, kuma yara irin Abba sabuwar fuska tana wahalar da su. Idan kika je duba gida ki tambayi ma'aikatan da kika tarar tun yaushe suke wurin. Ki tambaya su wa zai zauna da su, akwai mai yawan ihu ko buga ƙofa? Na ga an haɗa yaron da ba ya jure ƙara da wanda ke kunna kiɗa tun safe, don kawai akwai ɗaki a buɗe. Kada ki yarda da ɗaki saboda shi ne ya samu. Ki duba rahoton CQC, hukumar da ke sa ido a kan ayyukan kulawa, a kan kamfanin, yana intanet kyauta, amma ki sani hukumar kamfanin take tantancewa, ba ginin ba. Ki koma ziyara da yamma ba tare da dogon shiri ba.

Tsoronki ba na banza ba ne. A 2011 BBC ta ɗauko hoton cin zarafin da ake yi wa masu irin wannan lalura a Winterbourne View kusa da Bristol, a 2019 aka sake ganin irinsa a Whorlton Hall. Waɗancan asibitoci ne a rufe, nesa da idon dangi, kuma abin da na koya a aikin nan shi ne ɗan da uwarsa ke leƙowa kowane lokaci ba a yi masa sakaci. Ki kuma sa ido a kan magani. Oliver McGowan yana ɗan 18 ya rasu a 2016 bayan an ba shi maganin ƙwaƙwalwa da shi da iyayensa suka ce kar a ba shi, shi ya sa tun 2022 doka ta wajabta wa ma'aikatan lafiya da na kulawa samun horo a kan galahanga. In aka ce za a fara ba Abba maganin kwantar da hankali, ki tambayi dalili da ranar da za a sake dubawa.

Batun ta cewa kuwa, gaskiya ne abu yana sauyawa. Dokar 2005 ta ikon yanke shawara tana ɗaukar duk wanda ya kai 16 a matsayin mai iya yanke wa kansa hukunci sai an tabbatar ba zai iya ba, kuma kowane lamari daban ake auna shi: zai iya zaɓar rigar da zai sa, ya kasa fahimtar takardar haya. Inda ba zai iya ba, dole a yi abin da ya fi masa alheri, kuma dole a ji ta bakinku. Don karɓar kuɗin tallafinsa ki nemi DWP, ma'aikatar da ke biyan tallafin, ta naɗa ki wakiliyarsa, wannan ba wuya. Sa hannu a takardar haya da sauran dukiya kuwa sai Kotun Kariya, mai duba lamuran waɗanda ba sa iya yanke wa kansu hukunci, ta ba da izini, kuma yana ɗaukar watanni.

Alhaji Na Tudun Wada

Ni dai ra'ayina daban. Mu ba mu gaji wannan ba. Ɗa amana ne, kuma ladan da ke cikin haƙuri da shi Allah kaɗai ya san iyakarsa. Ma'aikaci don albashi yake yi, in lokacinsa ya cika ya ɗauki jakarsa. Uwa kuwa ba ta tashi daga aiki. Ku riƙe ɗanku a gabanku, ku nemi a turo muku masu taimako gida in ana yi. Ƙannensa kuma su saba tun yanzu, ai ɗan'uwansu ne, watarana su za su riƙe shi. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku juriya.

Yayar Sani, Kano

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka yi min haƙuri zan ɗan saɓa maka, domin ni ce ƙanwar da ake cewa watarana za ta riƙe, sai dai ni yaya ce.

Ƙanina ya haura talatin. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ta san yadda ake dama masa koko, ita kaɗai yake yarda ta yanke masa farce, a ɗakinta yake kwana tun yana jariri. Kwana ɗaya ta yi tana jinya ta rasu. Sani ya daina cin abinci, ya riƙa zama a bakin ƙofar ɗakinta yana buga kansa a jikin katako, bai san kowa ba a wannan fanni sai ita. Ba a yi sadakar bakwai ba aka fara kawo shawarar a kai shi gidan mari. Kun dai tuna abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaure da sarƙa. Na ce sai dai bayan raina. Na ɗauko shi gidan aurena, kuma Allah ya saka wa maigidana da alheri, amma abin da muka sha a shekarar farko ba zai faɗu ba.

Maman Abba, abin da nake so ki ji shi ne: rabuwar nan tana nan zuwa ko kin so ko ba ki so ba, domin babu wanda zai dawwama. Zaɓin da ke hannunki shi ne ta zo a hankali kina raye kina gyara kurakurai, ko ta zo rana ɗaya ba ki nan. Kuma wa ya ce mu ba mu gaji fitar da saurayi daga ɗakin uwarsa ba? A gidajenmu na cikin birni yaro yana balaga ake ba shi shago a ƙofar gida ko ɗaki a soro, ana aika masa da tuwonsa, yana shigowa gaisuwa safe da yamma. Abin da muka yi wa Sani ke nan daga baya. Muka gyara masa shagon da ke jikin gidanmu, muka samu wani matashi mai haƙuri ɗan unguwa muna biyansa duk wata, yana kwana tare da shi. Da safe yana zuwa kantin kawunmu ya jera katan-katan na taliya da sabulu, kuma babu wanda ya kai shi iya jeri, ko ɗaya ba ya karkacewa. Ranar Juma'a kawu yana ba shi kuɗinsa a hannu. In kin ga yadda yake ninke kuɗin nan ya sa a aljihun gaba, za ki san shi ma yana son a ɗauke shi a matsayin babba.

A nan duk daga aljihunmu ne. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, an kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020, amma babu wanda ke biya mana haya ko albashin mai kula. Ke kina inda doka ta ɗora wa hukuma wannan nauyi, kada kunyar abin da za a ce ta sa ki bar haƙƙin ɗanki.

Maganar aure kuma, don Allah a bar ta. 'Yar wa za a ɗauko a ɗora mata abin da uwa da uba suka gaji da shi, ba tare da an gaya mata gaskiya ba? Na ga an yi a danginmu na nesa, yarinyar ba ta yi shekara ba ta gudu, shi kuma ya ƙara rikicewa.

Hajiya Maman Ummi

'Yar'uwa, na bi hanyar nan da 'yata, yanzu shekararta 24, tana zaune da wata yarinya guda a gida mai tafiyar minti goma a ƙafa daga namu. Zan ƙara abu uku a kan na Bazazzagi.

Na farko ki gaya wa ƙanin maigidanki a fili: a dokar Ingila, aurar da wanda ba shi da hankalin fahimtar mene ne aure laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, tun 2014, ko ba a tilasta masa ba, kuma ko a Kano aka ɗaura. Sannan in ya daɗe a waje tallafinsa yana tsayawa, Universal Credit bayan wata ɗaya, PIP bayan mako 13.

Na biyu, kada ki yarda a yi shi dare ɗaya. Mu da kwanan hutu muka fara, ta tsarin Shared Lives, inda wani iyali da aka tantance ke karɓar mutum a gidansu. Muka dace da wata baiwar Allah 'yar Somaliya, Ummi ta riƙa kwana can lokaci-lokaci har ta saba da barci a inda ba ni. Ki tambaya ko akwai a yankinku, wasu ma a nan suke zama dindindin. Da aka samu gidan, sai da ta yi ta zuwa shan shayi, sannan wuni, sannan kwana ɗaya. Na ɗauki hoton ɗakin da ƙofar da fuskokin ma'aikatan na haɗa mata ɗan littafi tana dubawa kullum. Bargonta da labulen ɗakinta na gida muka kai, ban sayi sabo ba. Na rubuta wa ma'aikatan komai, har ma'anar kalmominta na Hausa, don su san in ta ce "zafi" ba lallai ciwo take nufi ba, wani lokaci hayaniya ce ta yi mata yawa. Kuma tunda Abba yana da EHCP, in yana ci gaba da karatu a kwaleji takardar tana iya kai shi har 25, babu dalilin gaggawa. Kada a haɗa masa barin makaranta da barin gida a shekara ɗaya.

Na uku, dukiya. In kuɗin da ke sunansa ya wuce fam 6,000 ana fara rage masa Universal Credit, in ya kai sama da 16,000 a tsayar gaba ɗaya. Wato gadon da kuka bar masa kai tsaye zai iya yanke masa tallafi har sai ya ƙare. Akwai asusun amana da lauya ke tsarawa don masu lalura, wasu amintattu su riƙe masa. Mu mun zauna da lauya da malami tare, saboda a shari'a babu wasiyya ga magaji, kuma wasiyyar ma ba ta wuce sulusi, don haka sai an tsara yadda rabonta na gado zai shiga amanar ba tare da an taɓa haƙƙin kowa ba. Malamin ya karanto mana aya ta 5 a Suratun Nisa'i, inda aka ce kada a damƙa dukiya ga wanda ba zai iya juya ta ba, amma a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma gaya masa magana mai daɗi.

Ba zan ce miki babu matsala ba. Akwai lokacin da na tarar an bar mata gashi ba kitso har ya cukurkuɗe, akwai lokacin da aka rage mata awoyin fita sai da na rubuta ƙorafi aka mayar. Har yau ni ke yi mata kitso ranar Asabar, a gidanmu take yin azumi da sallah. Amma ta koyi sa wanki a inji da dafa indomi, abin da ban taɓa barin ta ta gwada ba saboda tsoro da sauri irin na uwa. Alhaji ya yi gaskiya cewa uwa ba ta tashi daga aiki, ni ma ban tashi ba, barci dai nake samu yanzu.

Maman Abba

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yayar Sani, Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta, maganarki na karanta wa Baban Abba jiya da dare, kuma a karon farko ya buɗe baki muka yi maganar sosai. Alhaji, na gode da addu'a, shawararka ta a turo masu taimako gida ita za mu fara nema a bana, tare da kwanan hutun da Hajiya ta faɗa. Mun yanke cewa zai ci gaba da kwaleji yana gida, za mu bari a sa sunansa a jerin, amma ba za mu karɓi gidan da ya yi nisa da mu ba. Na aika wa jami'ar saƙo ina neman awon buƙatunsa da nawa a rubuce.

Malam Bazazzagi, tambaya ɗaya ta rage. Tunda neman izinin Kotun Kariya yana ɗaukar watanni, zan iya fara cike takardun tun kafin ya cika 18, ko sai bayan sallah? Hajiya Maman Ummi kuma, in ba damuwa, ki turo min ta akwatin sirri irin abubuwan da kika rubuta wa ma'aikatan a kan Ummi, ina so na fara rubuta na Abba.